Filin da Baba Ya Bari a Ƙasan Wasiƙa

Tsakiyar zafi ne, irin zafin Dubai da in ka buɗe ƙofa iska za ta mare ka kamar an ɗaga murfin tukunya. Shekarar kuma tun farkonta ba ta zo mana da sauƙi ba. Ita ce wadda aka yi ruwan nan da ya cika tituna, motoci suka nutse, kaya suka jiƙe a sito. Har zafi ya shigo mutanenmu ba su gama farfaɗowa ba, duk wanda ka haɗu da shi a kasuwar Deira gaisuwarsa gajera ce. A cikin wannan hali Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, ranar wata Lahadi da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta bakin taga a gidanmu na Hor Al Anz. Na kawo masa shayi na tarar ya riga ya tafi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne. Ina da 'ya'ya uku na fara riƙe fensir, a wani aji na matan aure a unguwarmu ta Kano. Amma Baba da bakinsa ya naɗa ni Magatakarda, kuma har ya rasu bai sauke ni ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi, kada ya bi iska.

Kwana biyu aka yi ana bin takardu kafin a ba da gawa. Ƙanin maigidana ya yi ta bugo waya daga gida, wai a sa shi a jirgi a kai shi kusa da kakanninsa. Maigidana ya ce a'a, Baba ya sha faɗa cewa inda ya faɗi nan za a rufe shi. Aka kai shi maƙabartar da ke wajen Sonapur. Da suka dawo maigidana ya zauna a bakin gado ya ce, "Lamba kawai aka kafa masa, Hajiya. Mutumin da ake yi wa busa." Na ce, "Ƙasa duk ta Allah ce, Alhaji."

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo. Maza suka cika falon, takalma suka yi layi har bakin lif, mu mata muna ciki. Ni ina tsakanin kicin da ƙofar falo da butar shayi, don haka kusan duk abin da aka faɗa ya shiga kunnena. Wani Alhaji mai sayen atamfa yana kaiwa Kano ya ce, "Wallahi shekara biyar ina gaishe shi, Baba Japan, Baba Japan. Ashe hakimi ne? Ashe har kwamishina ya yi? Ni da na taɓa aiken sa ya riƙe mini jaka!" Aka yi dariya, aka kuma yi salati. Abokin Baba na kusa, wani dattijo mutumin Maraɗi mai harkar kargo, ya share ido da gefen rawaninsa ya ce, "Le vieux, tsohon nan, bai taɓa faɗa mini ba. Kullum sai na zagi shayinsa. Da na sani ai da na riƙa zaginsa a durƙushe." Maƙwabcinmu ɗan Pakistan ya shigo da tire na shinkafa, ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, khalas," wato Baba ya tafi, ya fita yana kuka.

Ranar Laraba bayan magariba wani mutum ya zo da ba wanda ya san shi a cikin 'yan kasuwa. Zai yi shekara arba'in da wani abu, yana sanye da shuɗin kayan aiki, ya ce daga wata masana'anta yake a Dubai Investments Park, bas biyu ya hau. Ya yi addu'a, aka shafa. Sai ya ce, "Ni ɗan Fadamar Kanya ne."

Sauran baƙi ba su ji komai a maganar ba. Maigidana ne ya sunkuyar da kai, ni kuma a bayan ƙofa na ajiye butar a ƙasa.

Mutumin ya ce, "Ba da wata magana na zo ba, Alhaji. A goye nake aka tashe mu. Bara inji ya kama mini hannu, kamfani ya so ya sallame ni ba magani, marigayi ne ya rubuta mini takarda da Turanci har aka yi mini aiki. Bai san ko ni wane ne ba. Ni dai na san shi. Allah ya ji ƙansa." Ya nuna hannun, yatsu huɗu da tabon ɗinki. Maigidana ya karɓi lambarsa, ya raka shi har ƙasa.

Kuskure ɗaya ya yi a maganarsa. Baba ya san ko shi wane ne. Zan zo kan wannan.

Shekara shida Baba ya yi tare da mu. Bayan rasuwar surukata ciwon ƙoda ya matsa masa, maigidana ya ɗauko shi don asibiti, daga nan kuma bai koma ba. A gida, ni da shi sai gaisuwa daga nesa, a durƙushe, ban taɓa cin abinci ya gani ba. To ina za ka kai wannan kunya a filat mai banɗaki ɗaya? Sati biyu ina laɓe-laɓe, in ya fito in shige, in ya shige in fito. Rannan ya tsaya a tsakiyar falo ya ce, "'Yar nan, gidan nan bai kai girman kunyarki ba. Ki rage ta daidai kuɗin haya." Na yi dariya ban shirya ba. Da ya ga ina rubuta sunayen magungunansa da lokutan sha a littafi, sai ya ce, "A'a, ashe muna da magatakarda a fadar nan." Sunan ya zauna.

Ba ya son a ce masa ranka ya daɗe. Wani ɗan garinsu ya taɓa zuwa ya zube yana kirari, Baba ya bari ya gama sannan ya ce, "Tashi, kada ka ɓata wandonka. A nan duk wanda ka gani biza ce ubangidansa." Ya hana maigidana gaya wa kowa abin da ya taɓa riƙewa. Kullum da safe, in ba ranar wankin ƙoda ba ce, sai ya sa farar riga da hula ya tafi shagon maigidana na kayan gyaran mota, ya zauna a kan kujerar roba. Da yake kayan daga Japan suke zuwa, shi kuma yana iya gaisuwa da yarensu har da ɗan rusunawa, sai aka sa masa Baba Japan. A nan leburori suke samun sa ya rubuta musu takardu. Bai taɓa karɓar ko ruwan sanyi a kan haka ba. In ya gama sai ya karanta wa mutum da Hausa, ya ce, "Ka ji abin da ka ce. Ka yarda? Kada ka taɓa sa hannu a abin da ba a karanta maka ba."

Yana da wani ɗan kofi marar mariƙi, ruwan ƙasa, da ya zo da shi tun daga Japan. A ciki yake shan koren shayi ba sukari. Mutumin Maraɗi in ya zo sai ya leƙa kofin ya ce, "Wannan ai ruwan wankin ganye ne, mon ami, abokina. Wa ya yi maka laifi kake hukunta kanka?" Baba ya ce, "Ku da kuke dafa sukari ku ɗiga masa shayi, har kuna da bakin magana?" Shekara shida suna wannan faɗan, ba wanda ya ɗanɗana na wani.

Yadda aka yi ya je Japan kuwa, yana saurayi ma'aikacin gona ne na gwamnati, aka tura su kwas na wata uku a kan noman shinkafa. Daga can ya taho da kofin, ya kuma taho da wani labari da tsohon tafintansu ya ba shi. Labarin nan na ji shi ya fi sau ashirin. Na wani uban ƙasa ne na zamanin da, sunansa ya fi ƙarfin bakina balle fensirina.

Baba ya ce a wancan zamani Japan tana da sarki, amma mulki yana hannun shugaban mayaƙa. An raba ƙasa ga iyayen ƙasa, kowa da ganuwarsa da gonakin shinkafarsa da talakawansa. Dokar ita ce ka yi shekara guda a garinka, shekara guda a babban birni, matarka da magajinka kuwa can za su zauna dindindin. "Kamar jingina," in ji Baba. "Ka yi tawaye ka gani." A saman kowa akwai majalisar dattawa, mutum huɗu ko biyar, wata-wata suke karɓar aiki, su ne gwamnati.

Wannan uban ƙasa ya gaji ƙasa mai albarka a bakin teku. Sai dai duk mai riƙe da ita an ɗora masa gadin gaɓar teku, don haka ba a sa shi a majalisa. Shi kuwa majalisa yake so. Sai ya nemi a musanya masa ƙasar ubansa da wata da ba ta kai ta ba. Wani tsohon bafadensa ya roƙe shi, ya roƙe shi, bai ji ba, tsohon ya kashe kansa don ya nuna bai yarda ba. Uban ƙasar bai fasa ba. Ya yi ta hawa, daga wannan muƙami zuwa wancan, har ya shiga majalisa, har ya zama babbanta. Ya kafa dokoki. Ya hana sa tufafi masu tsada. Ya ce mutanen ƙauye da suka cika birni su koma gona. Ya sa a janye ruwan wata babbar fadama don a noma ta, aikin bai kai ko'ina ba. Daga ƙarshe ya ce duk ƙasar da ke kewaye da babban birni a karɓe ta daga masu ita, a ba su wata a wani wuri. Nan ne kowa ya juya masa baya. Aka sauke shi, mutanen gari suka taru suka yi wa gidansa ruwan duwatsu. A ɗaurin talala ya ƙare.

Shekarun farko da dariya Baba yake ba da labarin, yana kwaikwayon tafiyar mutumin, 'yan kasuwa suna cewa, "Kai, Baba Japan, wannan ai ɗan siyasar Najeriya ne." Daga baya dariyar ta ragu. Wata rana mutumin Maraɗi ya tambaye shi, "To wai shi wannan, mutumin kirki ne ko mugu?" Baba ya juya kofinsa ya ce, "Mutum ne mai ƙwazo. Ba ya sata, ba ya barci. Irinsu ne abin tsoro, don in sun ɗauko hanya ba sa waiwaye." In zafi ya yi tsanani likita ya hana shi fita, sai ya zauna a bakin taga yana kallon masu kai saƙo a babur, ya ce, "Magatakarda, yau ma muna ɗaurin talala."

Ban yi zurfin karatu ba, amma ba a daɗe ba na gane labarin wa nake ji. Surukata, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa ba ni rabinsa. Baba ya dawo daga Japan ba da jimawa ba mahaifinsa ya rasu, aka naɗa shi hakimi yana da ƙuruciya. Sai gwamnati ta zo da shirin noman shinkafa na zamani, ta ce tana son Fadamar Kanya, a tashi mutanen wurin a mayar da su kan tudu. Ba a iya yi sai da sa hannun hakimi. Ya sa. Shekara ba ta zagayo ba aka ba shi kwamishina. Shinkafar ta yi damina uku, injinan ban ruwa suka lalace, fadamar ta koma hannun wasu manya. Da mulki ya juya aka sauke shi, mutane suka jefi gidansa har suka fasa gilashin mota. Bayan wasu shekaru rawanin ma aka karɓe, aka ba wani gida.

Sauran rabin daga bakinsa na ji, ranar da mutumin nan mai ciwon hannu ya zo shago. Baba ya dawo gida bai ci abincin rana ba. Bayan la'asar ya ce, "Magatakarda, ɗauko littafinki." Na ɗauko na zauna a ƙasa daga gefe. Ya ce, "Yau na rubuta wa wani takarda. Na tambaye shi sunan mahaifinsa, ya faɗa. Na san uban. Shi ne Sarkin Noman Fadamar Kanya. Ɗan nasa ya kalle ni na kalle shi, ya yi kamar bai san ni ba, ni ma na yi kamar ban san shi ba. Ya fi ni mutunci."

Sannan ya ce, "Namu tsohon bai kashe kansa ba. Ƙanin mahaifina ne. Ana gobe zan sa hannu ya shigo zaure, ya cire hularsa ya ajiye a gaban ƙafata. Dattijo mai furfura, kai a buɗe. Ya ce, ɗana, kakanninmu da kakanninsu sun yi alkawari a kan fadamar nan. Kin san abin da na yi? Na ɗauki hular na kakkaɓe na miƙa masa, na ce Baffa, zamani ya canza. Bai ƙara shiga zaurena ba har ya mutu." Ya ce, "Ba don mugunta na yi ba. Na ga shinkafar Japan ne, kore shar har gindin duwatsu, na ce mu ma za mu iya. Amma kada in yi miki ƙarya, kujerar ma ina so."

Wasiƙar neman gafara yake so ya rubuta wa mutanen Fadamar Kanya. Hannunsa yana rawa a lokacin, in ya rubuta layi biyar sai ya huta, kuma ya ce wannan ba ta Turanci ba ce. Don haka ni na rubuta. Kusan sati biyu muka yi, kullum bayan la'asar. Da na rubuta cewa gwamnati ta tashe su, ya sa na karanta masa, ya ce, "Goge. Gwamnati ba ta san hanyar Fadamar Kanya ba, ni na nuna mata. Sa ni." Rannan ne kaɗai ya taɓa ɗaga mini murya, don na ce, "Baba, ai ba kai kaɗai ba ne." Ya ce, "Sauran su nemi nasu magatakardan!" Na goge, na sa shi yadda ya ce. Can ya ce, "Yi haƙuri, 'yata." Muka ci gaba.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne gidajen. Ya ce ba zai nemi gafarar jama'a a dunƙule ba, kamar mai jawabi a rediyo. Gida-gida ya bi, da gonar kowa da iyakarta. Gidan Sarkin Noma, daga kanyar bakin rafi zuwa tsohuwar rijiya. Gidan Liman, daga rijiyar zuwa hanyar shanu. Gidan maƙera, gidan masunta biyu, gidan wanzami. Yana rufe ido yana faɗa, kamar yana karanta takardar da ya sa wa hannu shekara arba'in da suka wuce. Gida goma sha takwas muka samu. Da na zo zan ja layi a ƙasa sai ya ce, "A'a. Bar fili, kamar faɗin tafin hannu. Jikina yana ba ni na manta wani, kuma wanda aka manta shi ya fi jin ciwo." Na bar fili. Ya sa hannu a can ƙasa.

Ya ce bayan ƙaramar salla zai kira mutumin ya ba shi hannu da hannu. Salla ta wuce, ya ce bayan babbar salla. Ita ma ta wuce, ya ce bari zafi ya sauka, wata uku ne. Mutumin da aka ce ya tsaya gaban gwamnan soja bai girgiza ba, ya kasa kiran lebura ɗaya a waya. Ban ga laifinsa ba, ban kuma matsa masa ba, wataƙila nan ne nawa kuskuren. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, "In na riga, ke ce." Na sa wasiƙar a cikin jakar da nake ajiye fasfo ɗinmu.

Ranar Asabar aka yi sadakar bakwai. Da baƙi suka watse bayan la'asar na ɗauko wasiƙar na ajiye a gaban maigidana. Ya san da ita, amma bai taɓa karantawa ba. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, kin san halin da ake ciki a gida."

Na sani. Hakimin da ke kai ya rasu watanni kaɗan kafin Baba, ana neman wanda za a naɗa, kuma ƙanin maigidana yana cikin waɗanda ake ambata. Shekara talatin gidansu yana jiran rawanin nan ya dawo. Tun ranar rasuwar Baba yake bugo waya yana cewa ta'aziyyar da ake zuwa yi ta nuna mutane sun manta da abin da ya wuce.

Maigidana ya ce, "In takardar nan ta shiga garin, kafin la'asar tana wayar kowa. Abokan takara za su ce ga shi ubansu da bakinsa ya amsa. Ban ce kada a kai ba. A bari a yi naɗi. Wata uku ne."

Na ce, "Alhaji, Baba ma wata uku ya ce."

Ya kau da kai daga wasiƙar.

Na ce, "Mutumin nan na ji ya gaya maka a bakin ƙofa mahaifiyarsa tana nan da rai, ta haura tamanin. A cikin waɗanda aka tasa da girmansu, saura nawa?"

Ya ce, "So kike a ce ubana azzalumi ne?"

Na ce, "Ni ban ƙara komai ba, abin da ya ce na rubuta. Kai ne babba a gidan nan, ba zan fita da ita a ɓoye ba. Amma yana can Sonapur shi kaɗai, kuma ba rawani za a tambaye shi ba."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba a shekara ashirin da shida na aurenmu. Ya ɗauki wasiƙar ya karanta tun daga farko, a hankali, don rubutuna manya ne kuma ba su miƙe sosai ba. Da ya zo kan hular Baffa ya tsaya ya daɗe. Ya gama ya ninke ta yadda take, ya ajiye. Ya ce, "Ƙanina ba zai yafe mini ba." Na ce, "Wataƙila." Ya miƙe ya ce, "A hannunki ya bari. Ni bai ba ni ba." Ya tafi masallaci. Da na zo kwashe kwanuka na ga wata 'yar takarda a ƙarƙashin kofin Baba, da lambar waya a jiki, rubutun maigidana.

Washegari Lahadi, ranar hutun mutumin. Bayan na idar da sallar asuba na kira shi, na ce in ba damuwa ya zo, akwai saƙon marigayi. Ya iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, a gida ƙarfe takwas kenan, mutane sun tashi. Maigidana ya gaisa da shi ya shige ɗaki, amma bai rufe ƙofa ba. Na nuna wa baƙon kujerar Baba, ya ƙi, ya zauna a kan kafet.

Na ce, "Malam, ya san ka. Tun ranar da ka faɗi sunan mahaifinka." Ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Wasiƙa ce zuwa ga mutanen Fadamar Kanya. Ina so Inna ta fara ji."

Ya kira ƙaninsa a can gida, aka kai wa tsohuwa waya, aka buɗe murya. Ina jin kukan kaji da muryoyin maza suna matsowa. Na gaishe ta, ta yi mini gaisuwar rashi, ta ce, "'Yar nan, karanta, ina ji." Na karanta. Duk gidan da na ambata sai in ji wani daga can ya ce, "Haka ne," ko "Allahu akbar." Haka har na kai ƙarshe.

Sai tsohuwar ta ce, "Ya yi ƙoƙari. Iyakokin duk daidai ne. Amma ya bar yayata."

Na ce, "Wace ce, Inna?"

Ta ce, "Mijinta ya mutu, ba ta da ɗa namiji. Tana da ɗan lambun albasa a bayan gonar Liman, wajen gindin giginya. Da masu rubutu suka zo magidanta suka rubuta, ita ba ta shiga takarda ba. Kowa an ba shi fegi a tudu, ko da duwatsu ne, ita ba a ba ta komai ba. A ɗakina ta mutu."

Na ce, "Inna, ya bar mata wuri. Ya ce jikinsa yana ba shi ya manta wani."

Ta ce, "Ya ce haka?"

Na ce, "Wallahi ya ce."

Na ɗauko biro na ce ta faɗa mini sannu a hankali. Ta faɗi sunan, ta faɗi iyakar lambun, na rubuta a filin da Baba ya bari, sama da sa hannunsa. Filin ya isa. Da na ɗago na ga maigidana ya fito ya zauna a ƙasa kusa da baƙon.

Tsohuwar ta ce, "Nawa dai na yafe, duniya da lahira. Na waɗanda suka riga mu, ba ni da iko da shi, yana wurin Allah." Ta yi tari, ta ce, "'Yar nan, mutane sun ƙaru a nan, ga Liman ma ya iso. Sake karantawa daga farko, har da ita."

Na gyara zama, na fara daga Bismillah.